Ranar da Aka Ga Zara da Ƙaho Biyu

Ya kai mai tambaya game da ilimin falaki, Allah Ya buɗe maka ƙirji, saurari wannan misali. An yi wani malami a wani gari da ya shafe ƙuruciyarsa yana nazarin sararin samaniya da rassan iliminsa: lissafin tafiyar rana, da masaukan wata, da halittar taurari masu yawo. Wata rana a majalisi ya ce Zara, tauraruwar nan da Hausawa ke kira matar wata, ba ta da hasken kanta. Aron na rana take yi, shi ya sa takan cika ta kuma ragu kamar yadda wata ke yi. Sai jama'a suka kwashe da dariya, domin tun kakanninsu ɗigo ɗaya suke ganin ta. Magana ta bazu cewa karatu ya taɓa kan malam, ɗalibai suka fara janye jiki, har wasu suka daina karɓar fatawarsa ko a kan alwala. Shi kuwa ba shi da hujja sai abin da ya karanta, bai taɓa gani da idonsa ba.

Ana nan sai wani matafiyi masanin taurari ya sauka garin da madubin hangen nesa, ya kafa shi a harabar masallaci bayan sallar magariba, ya saita shi yamma. Malamin ya matso, ya ce, "Ku bar ni in fara. In kuskure na koyar, ni ya kamata in riga kowa sani." Ya yi bisimilla ya ɗora ido. Sai ga Zara siririya, a lanƙwashe, da ƙaho biyu, tana sheƙi kamar jinjirin watan sallah! Rawaninsa ya zame bai kula ba, yana ta maimaita, "Tsarki ya tabbata ga Mahalicci!" Nan fa sahu ya kafu, mahauci da liman da maƙeri suna ture juna, wanda ya leƙa ya ɗago da kabbara ya koma baya ya sake bin layi. Dattijon da ya fi kowa dariya a da ya zo ya riƙe hannun malamin. Har ladan ya kira lisha ba wanda ya tafi gida.

Ka ga, abin da baki ya gaza tabbatarwa, leƙe ɗaya ya gama shi. Gaskiyar magabata ne da suka ce: gani ya kori ji.