Wa Ya Mayar da Windows?

Sharhabil ya ɗora hannu kan kwamfutar, ya ji ta da ɗumi. Yau ma!

Shi da kansa ya kai ta Babbar Kasuwa aka goge manhajar Windows aka sa wata mai suna Linux, don mai gyara ya rantse wasannin ɗansa Faruk ba za su tashi ba. Ga jarrabawa ta ƙarato. Da ya kunna, sai ga Windows ta dawo daram.

"Wallahi Abba, ba ni ba ne," in ji Faruk.

"To aljanu ne?"

Washegari Sharhabil ya sulalo daga ofis da wuri. Tun daga tsakar gida yake jin rurin inji. Ya banka ƙofa, bulala a hannu.

Ashe mahaifinsa ne zaune gaban kwamfutar, tsohon direba da ciwon ƙafa ya raba da titi. Tirelar wasan tuƙi na gudu a allon, shi kuwa sai murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

Ko waiwayowa tsohon bai yi ba.

"Ni na sa aka mayar. Rufe min ƙofa, ɗan nan, kaya na ɗauko, Legas za ni."