Direba Ya Ƙi Ba Kawu Hannu

Kawu ya miƙa hannu, Direba ya dafe ƙirji ya russuna daga bakin ƙofa. Hannun ya tsaya a sama kamar na mai tsayar da mota.

Auta na tsaye a gefe, riƙe da tiren shayi. Yau ne Direba ya zo jin bakin Kawu kan aurensu, ga shi ya fara da ƙin musafaha.

"Kai ne mai allurar rigakafin korona har uku?" in ji Kawu. "Biyu na yi, ga ni garau. Ta ukun ta matsorata ce. Cire takunkumin nan mu ga fuskar da za mu ba 'ya."

"Kawu, a gafarce ni. Wuni nake da fasinja, wannan ya yi min tari a ƙeya, wancan atishawa. Maman Auta kuma tana fama da asma. Gara a kore ni da in kwaso mata ciwo."

Ya saci kallon Auta, ya sunkuyar da kai. Ta sha yi masa tsiya kan tsoro, amma yau kunnuwansa da igiyar takunkumi ta lanƙwasa sun yi mata kyau matuƙa.

"Ke, kin ji mutumin naki," in ji Kawu. "Har yanzu kina so?"

Ta ajiye tiren a hankali. "Kawu, tunda aka fara annobar nan, wa ya tuna da numfashin Mama in ba shi ba?"

Kawu ya shafa gemu, ya juya ga Direba.

"Turo manyanka. Wai a ina ake yin ta ukun? Wani ne ya ce in tambaya."