Haɗin da Ya Wanke Dutsen Bakin Kwami

Maigida ya tsoma buroshi a bokiti, ya hau goge duwatsun da aka shimfiɗa a bakin kwamin iyo. Gansakukar shekara biyar ta tashi nan take. Kafin azahar wurin ya yi fari fat, har gashin buroshin ya narke.

"Maman yara!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Zo ki ga aikin haɗinki!"

Ta fito riƙe da wani bokitin daban. "Wane haɗin? Ga khal da lemon tsamin da ka ce in haɗa maka, ko taɓawa ba ka yi ba."

"To na bayan ƙofa fa, mai ƙamshin nan?"

Ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Sabulun gyaran fatar da nake sayar wa amare ne!"

Ya dubi buroshin, ya dube ta. "Wanda kike rantsuwa babu kemikal a ciki?"

Ta zagaya duwatsun tana gyaɗa kai, sannan ta zaro waya ta fara ɗaukar hoto.

"Matsa gefe, inuwarka na ɓata min talla. Kana da hoton wurin kafin a wanke?"