Sammakon Umara

Umara ya tsaya a zauren su Amatullahi da ƙujewa a goshi. Da asubar nan farfaɗiya ta kayar da shi a bakin kogi, yana shirin tura kwalekwale.

"Na zo in janye maganar aurenmu," ya ce, idonsa a ƙasa. "Baffanki ya ce ba zai ba mai faɗuwa 'yarsa ba."

Amatullahi ta dube shi. "Kana shan maganinka?"

"Kullum. Likita ya ce sammakon kamun kifi ne ke hana ni isasshen barci, rashin barcin kuma ke tayar da ciwon."

"To kamun kifin za ka bari, ba ni ba. Ka koma noman shinkafa." Ta gyara mayafinta. "Baffa kuwa, yanzu zan shiga wurinsa. Jira ni."

Umara ya ja tabarma ya zauna.