Muryar Marigayi

Sau uku mai gyaran salula ya gwada sabon ƙarfen dalmarsa mai araha da mitar gwajin lantarki. Wayarsa ta uku, mai kai rarar wuta ƙasa don kada kaya su ƙone, na haɗe, lafiya lau.

Tsohuwar da ta ba shi hayar shago a gidanta ta ce, "Ɗan nan, lallaɓa salular nan. Muryar marigayi mijina a cikinta kaɗai ta rage."

Yana ɗora ƙarfen, sai ƙauri. Salula ta ƙone ƙurmus.

Ya kwance soket ɗin bango. Babu wayar ƙasa, ko guntuwa.

"Inna, wane mugu ne ya ja wutar gidan nan? Allah ya isa!"

Tsohuwa ta leƙa ramin soket ɗin.

"Janye bakinka, ɗan nan. Marigayin ne. Cewa ya yi waya ta uku ɓarnar kuɗi ce."