Masu Neman Asana

Mulikatu tana cikin zuba wa wani direban trotro, motar haya, koko ta ji an kira sunan 'yarta gaba ɗayansa: "Asana Ishawu." Saura kaɗan ludayin ya faɗi daga hannunta.

A unguwar Maamobi ba mai kiran yarinyar haka. Asana Tsalle ake ce mata, tun tana 'yar shekara tara tana ƙetare kwatocin unguwa da tiren ƙosai a ka. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana gudun tsallake shinge da dogon tsalle. Ta ciyo lambobi, ta karye a ƙafa ta warke, ga ta yanzu da shekara ashirin da tara, saura mako uku ta tafi gasar duniya. Ita da bakinta ta ce wannan ce ta ƙarshe da jikinta zai iya ɗauka.

Su biyu ne a bakin lungu, mace da namiji, ƙarfe shida da 'yan mintoci na safe. Namijin yana riƙe da takarda, macen da ƙaramin akwati irin na ajiye ƙanƙara. Babu murmushi, babu doguwar gaisuwa.

"Me za ta yi muku?" in ji Mulikatu, kamar ba ita ta haife ta ba.

"Sai mun gan ta, Hajiya. Ba ma iya gaya wa kowa."

Innalillahi! Shekara takwas da suka wuce, haka wasu suka zo da sassafe suka karanta sunan ɗanta Awal a takarda. Wata huɗu bai dawo ba, da ya dawo kuma aka ce wai kuskure ne, har yau yana ɗingishi. Tun daga ranar lungun nan ya yi wa kansa doka: duk wanda ya zo da cikakken sunanka a rubuce, to ba a san ka ba.

Ga shi kuma Asana ta canza tun dawowarta gida. Ba ta shan ruwan da ba ita ta buɗe ba. Jiƙon da uwarta ta haɗa mata don ciwon gwiwa, ko sunsuna shi ba ta yi ba. Daga ƙarfe shida zuwa bakwai ba ta fita ɗaki ko gobara ake yi, in aka taɓa ƙofa sai ta zabura. In an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mma, harkar aiki ce. Duk wanda ya zo nemana da safe, ki kawo shi kawai." Ki kawo shi! Yarinyar da ta san gudu amma ba ta san mutane ba. Wa ya san masu hassadar da ke son ganin ƙafafun nan a kwance?

Macen ta buɗe jaka za ta ciro wani kati, Mulikatu ta hango safar hannu ta roba da 'yan kwalabe a leda. Ba ta ko kalli katin ba.

"Ban san ta ba," ta ce. Ta ɗaga murya yadda Ɗanbala tela da ke buɗe shagonsa zai ji. "Ko ka san wata Asana, Ɗanbala?"

Ɗanbala ya dubi takardar, ya dubi fuskar Mulikatu, ya gane. "Mai gudu? Ai tuni suka koma unguwar Alajo. Amma ku tambaya bayan masallaci."

Bayan masallaci aka tura su wajen mai gyaran babur, mai gyaran babur ya tura su ƙetaren babbar kwata. Lungunan Maamobi kuwa, in mutanen ciki ba su so ba, sai ka yini kana zagaye gida ɗaya. Sau biyu suka wuce ta ƙofar ɗakin Asana, taku goma tsakaninsu da ita. Mulikatu tana kallo, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, ƙosai yana ƙonewa a kasko.

Bakwai saura biyar wayar Asana ta yi ƙara a ƙarƙashin teburin kokon Mulikatu. An ɗauke wuta a gida tun jiya, shi ya sa Asana ta ba uwar ta sa mata caji a shagon Ɗanbala, ba ta kai ba tukuna. Can nesa Mulikatu ta hango namijin da waya a kunne. Ta danne wayar Asana har ta mutu.

Ƙarfe bakwai daidai mutumin ya duba agogo, ya yi rubutu a takardarsa, suka hau mota suka tafi.

Sai a lokacin ta ji numfashinta ya dawo. Ta bar koko a hannun Ɗanbala ta ruga gida, ta tarar da Asana zaune a bakin gado tana ɗaura takalmin atisaye.

"Allah ya rufa mana asiri! Wasu sun zo nemanki da akwati da kwalabe. Wallahi duk lungu ya tsaya miki, ko ƙofarki ba su gane ba."

Asana ta saki igiyar takalmin. Ta dubi uwarta, ta yi magana a hankali kamar mai zazzaɓi.

"Mma, masu gwaji ne. Su ke ɗibar fitsari da jininmu su tabbatar ba ma shan ƙwayar ƙara kuzari, kunyar faɗa miki nake ji. Shida zuwa bakwai shi ne lokacin da na ce su same ni a ɗaki. Sau biyu bana sun zo ina kan hanya ba su same ni ba, yau na uku ke nan, wanda kuwa aka rasa sau uku, shekara biyu ba shi ba gudu."