Sanwicin Malam Jatau

Balaraba ta buɗe gwangwanin kifin tuna, ta tsiyaye man a kofi, ta tsaya tana hararar kifin kamar shi ya yi mata laifi. Bayanta ciwo yake yi. Tun safe take fama da 'yan firamare, yanzu kuma ga ta a madafin gidansu tana haɗa abincin da ba ta taɓa gani da idonta ba.

Mahaifinta, Malam Jatau, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a nan Ƙaura. Tun da ciwon suga ya kwantar da shi ya daina cin abinci. Tuwo a'a, fate a'a, kunu ma kurɓa ɗaya sai ya ture. Likita kuwa ya faɗa ƙarara cewa maganin nan ba a shan shi da yunwa, in tsohon bai ci ba haka zai yi ta zubewa.

Abu ɗaya ya ce ransa ke so: wani burodi da kifi da ya ci bara a Abuja, lokacin da maƙwabcinsu direba, Armiya'u, ya kai shi wurin likitan ido. Sanwici wai sunansa. Armiya'u bai san komai a kai ba, don ranar a mota ya tsaya. Mutumin da ya tsufa a kan tuwon dawa, yau shi ne da sanwici. Ranar farko Balaraba ta yi dariya, daga nan ba ta ƙara ba.

Da sadin ta fara. Tsohon ya gatsa gefe, ya tauna, ya dubi ƙofa.

"Ba shi na ba," ya ce.

Aka yo mata saƙon kifin tuna daga Gusau. Ta ƙarar da datarta wajen kallon masu girki a waya. Ta sa mayonis, ta rage mayonis. Ta yanka albasar Zurmi siri-siri, ta jiƙa a ruwa don zafinta ya fita. Har dogon burodin Nijar wani ɗan kasuwar Shinkafi ya kawo mata, ya iso da taurin da sai a kori akuya da shi. Duk amsar ɗaya ce, kuma kullum wuyan rigar tsohon ƙara yi masa yawa yake. Balaraba ta gaji, gajiyar da har haushin mahaifinta ta fara ji, sannan ta ji haushin kanta.

Ranar nan ta kira yayanta Misbahu. Shi ne ɗan fari, wanda aka sayar da gonar Banga don ya gama jami'a, yanzu kuma ma'aikacin banki a Abuja. Malam Jatau mutumin da ne, kunyar ɗan fari yake yi sosai: ba ya kama sunansa, ba ya tambayar labarinsa, in ta kama dole sai ya ce "wancan". Ko zuwan tsohon Abuja ba su haɗu ba, wai lokacin an tura Misbahu kwas Legas. Samunsa a waya da rana aiki ne, sai da la'asar ya ɗauka.

"Yaya, na gaji," ta ce. "Baba ƙarewa shikai. Ko ka san shagon? Ya ce kusa da asibitin ido yake, kujerunsu koraye."



"Ina nan tahe," ya ce.

Ranar Juma'a ya iso cikin farar riga mai guga da takalmi mai sheƙi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida mahaifinsa. Tsohon ya amsa a gajarce yana kallon bango, kamar yadda ya saba. Misbahu ya ga abin da ya rage na jikin, ya tashi ya nufi madafi.

Balaraba ta nuna masa kayan, ta fara lissafa abin da ta gwada. Ya ce ta zauna ta huta. Ta zauna a kan turmi, ta jingina da bango, barci ya sace ta. Da ta farka, ga abu a faranti an raba shi biyu, an naɗe da takarda.

"Kowa ya iya wanga a Abuja," in ji shi.

Ta ɗauka ba don ta yarda ba. Kifin nan ne, burodin nan ne, an dai sake ɓarnar gwangwani. Ta shiga ɗakin, Misbahu ya tsaya a bayan labule.

Malam Jatau ya gatsa. Ya tauna a hankali. Ya sake gatsa. Ya cinye rabi, ya miƙa hannu ya ɗauki ɗayan, ya tsince har abin da ya zuba a takarda, sannan ya ce a ba shi maganinsa da ruwa. Balaraba ta ji daɗi har idonta ya kawo ruwa, amma ƙorafin bai bar ta ba.

"Baba, kayan ga hwa su na nika sawa kullum. Mi ya bambanta?"

Tsohon ya haɗiye maganin. Bai dubi labule ba, amma ya ɗaga murya yadda na bayansa zai ji.

"Ki ce ma wancan ya bar wahal da kai nai da gugar riga, ni ban ga abin ɓoyo ga sana'a ba. Na Abuja ma shi ya haɗa man. Ta gilashin madahin shagon na hango shi da hular leda bisa kai, ranar da ya ce shina Legas."